Farin dusar ƙanƙara: a bar takarda ko a shafa farin fenti?

Hadiza:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema kan wani zane da ya ƙi min, yau kwana uku ina fama da shi. Fili ne da dusar ƙanƙara ta lulluɓe, bishiyoyi huɗu da suka kaɗe ganye suna tsaye, ga shingen katako ya karkace ya nufi nesa, sama kuma ta yi nauyi irin na gab da magariba. Fentin ruwa da tawada nake haɗawa. Da alƙalami na fara, na bi rassan ɗaya bayan ɗaya har suka fito yadda nake so. Ina ɗora fentin sararin sama a kansu sai tawadar ta narke, baƙin ya malala cikin shuɗin, kowane reshe ya yi jirwaye. Ƙasan da ya kamata ya zama fari fat kuma ya fito da dauɗa-dauɗa. Na shafa farin fenti don in ceto shi, sai ya koma kamar jiƙaƙƙen alli. Takardar ma ta yi tudu da kwari, ruwa ya kwanta a kwarin, ya bushe ya bar zobe. Ga hoton na ɗora. A ina na kuskure?

Nura:
Wa alaikumus salam Anti Hadiza. Kafin komai, wace irin tawada ce? Kuma takardar nawa ne nauyinta?

Hadiza:
Irin wadda ake ɗura wa alƙalamin rubutu ce, baƙa. Takardar littafin zane ce, a bangonsa an rubuta gram 160.

Nura:
To matsala biyu ta fito fili. Yawancin tawadar alƙalamin rubutu rini ce, narkakkiya ce a ruwa tun asali, ko ta shekara a kan takarda ruwa na taɓa ta za ta tashi. Wadda kike buƙata ita ce mai ƙwayoyin baƙin gawayi a ciki. Tawadar Indiya da masu zane ke amfani da ita kunkunniya ce aka haɗa da wani danƙo mai suna shelak, shi ne yake kulle ta idan ta bushe. Sai dai kada ki kuskura ki ɗura ta a alƙalamin rubutu, danƙon zai toshe shi. Alƙalamin tsomawa ake sa mata, ko siririn burushi. Idan kin fi sakewa da alƙalami mai kama da biro, akwai irin su Pigma Micron, tawadarsu ba ta tashi da ruwa. Takarda kuma ki nemi gram 300.

Hajiya Rabi:
Sannu da ƙoƙari ƙanwata. Na buɗe hoton na ƙara masa girma, kuma hannunki a rassan nan yana da kyau ƙwarai, musamman bishiya ta biyu daga hagu, yadda reshen ya lanƙwasa ya sake miƙewa. Kada ki yar da wannan takardar, ki ajiye ta.

Abin da Nura ya faɗa haka yake, amma in ƙara miki abu ɗaya. Kowace tawada kika samu, ko an rubuta a kwalbar cewa ruwa ba ya taɓa ta, ki gwada ta a gutsuren irin takardar da za ki yi aikin a kai. Ki ja layi siriri da layi mai kauri, ki bar su, ki bi da jiƙaƙƙen burushi bayan minti goma, wani bayan awa ɗaya, wani washegari. Dalili, takardar fentin ruwa ana shafa mata wani siririn danƙo, galibi jelatin, don kada ta shanye fenti nan take. Saboda haka tawada ba ta nutsewa, a sama take zama, kuma layi mai kauri yana iya bushewa a ido alhali cikinsa da ɗanyantaka. Ni idan na fara da tawada, kwana nake bari ta yi.

Malam Bala:
Maganar tawada da takarda an gama ta, gyaransu sayen kaya ne kawai. Abin da ya fi damuna a hoton nan, Malama Hadiza, shi ne kin yi wa dusar ƙanƙarar fenti. Tun daga nan aikin ya karkace.

A fentin ruwa babu farin da ya kai farin takarda. Shi wannan fenti garin launi ne aka kwaɓa da ƙaro, kuma idan aka shimfiɗa shi haske yana ratsa shi, ya bugi takarda, ya dawo ido. Shi ya sa yake sheƙi daga ciki. Duk inda kika shafa masa farin fenti mai kauri kin rufe wannan ƙofa, hasken ya tsaya a saman allin. Ki duba ƙasan hotonki ki kwatanta shi da gefen takardar da burushi bai taɓa ba. Wanne ya fi kama da ƙanƙara? Gefen da ba ki taɓa ba.

Mai zanen hunturu ba dusar yake zanawa ba, abin da ke kewaye da ita yake zanawa: duhun sama a bayanta, inuwar da ta kwanta a kanta, baƙin kututturen da ya fito daga cikinta. Idan waɗannan suka zauna daidai, takardar da kika bari ita da kanta za ta yi sanyi. Akwai wani mai zane na Japan, Maruyama Okyo, wanda ya rasu a 1795. Ya zana bishiyoyin fayin, masu ganye kamar allura, da dusa ta danne musu rassa, a kan manyan allunan kariya na ɗaki guda biyu. Suna gidan tarihi na Mitsui a Tokyo. Tawada ce da ɗan ruwan zinariya a baya, amma dusar da ke kan rassan takarda ce tsura. Ki nemi hotonsu ki ƙura wa reshe ɗaya ido, za ki ji nauyin ƙanƙarar a kansa, kuma babu abin da aka sa a wurin.

Nura:
Allah ya gafarta Malam, a nan kam zan ɗan saɓa. Aikin da Anti Hadiza take yi na haɗa kayan zane ne, tawada ta riga ta shigo, to me zai hana farin guwash, wato fentin ruwa mai kauri da haske ba ya ratsa shi, shigowa? Ba yau aka fara ba. Tun 1834 kamfanin Winsor & Newton ya fitar da farin zinki don masu fentin ruwa, wanda ake kira farin Sin. Turner na Ingila, da kowa ya sallama masa a wannan fanni, ya yi aiki da guwash har a kan shuɗiyar takarda, kuma yana kankare takarda da farcensa don ya fito da haske. Bai ɗauki barin takarda a matsayin doka ba. Ni ina ganin wannan tsananin yana tsorata masu koyo, mutum ya riƙe burushi hannunsa na rawa don kada ya taɓa wurin fari.

Malam Bala:
Nura, ban ce haramun ba ne. Kuma ka lura da misalin da ka kawo: a kan shuɗiyar takarda ya sa farin, wato a kan duhu. Farin guwash yana aiki ne idan akwai duhu a ƙarƙashinsa, kuma wurin ƙarami ne. Ɗigon dusa a gaban baƙin kututture, siririn layin haske a saman shinge, waɗannan ni ma ina yi. Amma rabin takarda? Fili guda? A nan ne yake mutuwa. Farin fenti a kan farar takarda sau da yawa ya fi ta duhu, kuma idan ƙasansa da sauran danshi sai ya kwaso launin ya zama toka. Abin da ya faru da ita ke nan.

Batun rawar hannu kuwa, ina ganin alheri ne. Wanda ya san ba zai iya mayar da farin ba idan ya ɓata shi, dole ya zauna ya tsara kafin ya jiƙa burushi: daga ina haske ke zuwa, ina ne mafi fari, ina ne mafi duhu. Wanda ya dogara da cewa zai rufe kuskure daga baya ba ya wannan zaman.

Nura:
Na yarda da batun girman wuri. Ban yarda cewa tsoro malami ne ba. Ni sai da na daina jin tsoron ɓata takarda na fara koyon wani abu.

Hajiya Rabi:
Ku biyun kuna da gaskiya a wurare daban-daban, amma ku bari mu koma kan hoton, don akwai abin da ba wanda ya taɓo. Ƙanwata, inuwar da kika sa a ƙarƙashin bishiyoyin da me kika haɗa ta?

Hadiza:
Baƙin fenti na tsarma da ruwa sosai, Hajiya. Na ɗauka inuwa a kan fari toka ce.

Hajiya Rabi:
To ga dauɗar da kike gani. Baƙi idan aka tsarma shi ba ya ba da sanyi, ƙazanta yake bayarwa. Inuwar dusar ƙanƙara a ranar da sama take garau shuɗiya ce, wani lokaci har da ɗan shunayya. Sadiq yana nan? Shi ya taɓa yi mana bayanin dalilin.

Sadiq:
Ina nan Hajiya, ina biye da ku. Abin ba wuya. Sabuwar dusa tana mayar da kusan kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na hasken da ya faɗo mata, don haka duk launin hasken da ya same ta shi za ta nuna. Wurin da rana ta haska yana samun haske biyu, na rana da na sararin sama. Wurin da bishiya ta tare ranar kuma hasken sama kaɗai yake samu, sama kuwa shuɗiya ce saboda iska ta fi warwatsa shuɗin haske a kan ja. Shi ya sa inuwar take shuɗiya. Sannan ido yana ƙara gishiri: idan ranar ta yi ƙasa haskenta ya koma rawaya-rawaya, inuwar da ke gefensa sai ta ƙara shuɗi a ido.

Amma Yaya Hadiza, akwai saɓani a hoton naki. Kin yi sama mai nauyi, gajimare ya rufe ko'ina, kuma kin ja dogayen inuwoyi masu kaifi daga gindin bishiyoyin. Biyun ba sa haɗuwa. Idan gajimare ya rufe rana, haske yana zuwa daga kowane ɓangare, inuwa ta kusan ɓacewa, sai ɗan duhu a gindin abu da cikin sawun ƙafa. Ko dai ki buɗe samar, ko ki share inuwoyin.

Hadiza:
Wallahi ban lura ba sai yanzu. Amma ni duhun saman nan shi nake so, shi ne ma ya ja ni ga zanen. Kuma ina son inuwoyin.

Malam Bala:
Za ki iya samun duka biyun. Ki bar wata siririyar tsaga can ƙasa, inda sama ta haɗu da fili, rana ta leƙo ta ƙarƙashin gajimaren daga gefe ɗaya. Hakan na faruwa da yamma. Sama ta yi duhu, fili ya ɗau haske, inuwoyi su miƙe. A irin wannan lokaci ƙasa ta fi sama haske, kuma wannan juyin shi ne rabin abin da ke sa mai kallo ya gane hunturu ne. Duhun samanki shi zai yi miki aikin da kika so farin fenti ya yi. Ki ƙara masa ma, don fentin ruwa idan ya bushe yana yin haske fiye da yadda kika gan shi yana jiƙe.

Ki nemi hoton Claude Monet da ake kira La Pie, wanda ya yi a hunturun 1868 zuwa 1869 a yankin Nomandi na Faransa. Yana gidan tarihi na Orsay a birnin Paris. Fentin mai ne, ba na ruwa ba, amma don inuwar nake tura ki. Shinge ne da dusa ta hau kansa, tsuntsu ɗaya baƙi da fari a kan ƙyauren katako, inuwar shingen ta kwanta a gaba da shuɗi da shunayya mai laushi. Alƙalan babban baje kolin Paris na 1869 sun ƙi karɓarsa. Yau idan ana koyar da inuwa mai launi, da wuya a tsallake shi.

Hajiya Rabi:
Launi uku sun ishe ki. Altramarin, shuɗi mai zurfi, wanda za ki ga an rubuta lambar launinsa PB29 a jikin bututun. Siyena ƙonanniya, ruwan ƙasa mai ja-ja, galibi PBr7. Sai ɗan ja mai sanyi irin na fure. Altramarin da siyena idan suka haɗu suna ba da toka mai rai: ki rinjayar da shuɗin ki sami saman hunturu, ki rinjayar da siyenar ki sami kututture. Kuma altramarin ƙwayoyinsa suna kwanciya cikin ramukan takarda su bar tsaki-tsaki, abin da ke yi wa gajimare kyau. Inuwar dusa kuma altramarin ne da ruwa mai yawa da ɗigon jan nan. Shuɗin talo, PB15, ki yi hattara da shi a wannan aikin, yana kama takarda kamar rini, idan ya shiga wurin fari ba ya fita.

Yadda za ki ja inuwar ma da muhimmanci. Shafa ɗaya, ki ɗage hannu. Gefen da ke kusa da gindin bishiya ki bar shi da kaifi, can ƙarshen kuma ki bi shi da burushi mai ruwa tsabtatacce ya narke. Kuma inuwa ba ta tafiya a miƙe kamar an ja ta da rula, tana bin tudu da gangaren da ke ƙarƙashinta. Lanƙwasar inuwar ce kaɗai za ta gaya wa mai kallo cewa filin yana da tudu, tunda ba ki zana komai a wurin ba.

Jamila:
Ku yi haƙuri in shigo da tawa tambayar. Na ga ana barbaɗa gishiri a kan fenti ya ba da taurari. Na gwada sau biyu, na farko ya narke ya bar tabo, na biyu bai yi komai ba.

Nura:
Lokaci ne, Jamila. Na farko takardar ta cika ruwa, na biyu ta riga ta bushe. Ki karkata kanki ki kalli takardar ta gefe: idan ƙyallin ruwan ya fara dusashewa amma bai tafi ba, to a nan ne. Kowace ƙwaya tana zuƙo ruwan da ke kewaye da ita ta ture launin, ta bar tauraro mai haske. Gishiri mai laushi yana ba da ƙanana, mai tsakuwa manya. Ki sa kaɗan, ki bar shi ya bushe da kansa, sannan ki kakkaɓe shi tas, don gishiri yana jawo danshi idan ya zauna a takarda. A kan launi mai ɗan duhu ya fi fitowa.

Malam Bala:
Kuma ki san inda za ki sa shi. Abin da gishiri ke bayarwa ya fi kama da raɓar da ta daskare a ciyawa ko a gilashin taga. Idan aka watsa shi a sama duka, ido ba ya ganin dusa, dabarar yake gani.

Jamila:
Na gode. Ni kati nake yi, da ƙwayoyin dusa manya da zan zana da tawada a gefe. Na yi musu hannu takwas-takwas.

Sadiq:
Ki mayar da su shida, Jamila. Ruwa idan ya daskare ƙwayoyinsa suna jeruwa ne a tsari mai kusurwa shida, shi ya sa ƙwayar dusa take fitowa da hannu shida. Wani manomi a jihar Vermont ta Amurka, Wilson Bentley, ya fara ɗaukar hotonsu ta madubin ƙara girma a 1885, ya tara sama da 5,000. Hotunansa suna nan a intanet, za ki sami siffofin da za su ishe ki kwaikwayo. Layi uku da suka gitta juna a tsakiya, kin sami ƙashin bayan.

Hadiza:
Na gode muku duka. Saura tambaya ɗaya da har yanzu ban ji matsaya a kai ba: idan na sami tawadar da ba ta tashi, da ita zan fara ko da fenti? Sannan dusar da ke kwance a saman rassa da shinge, sama mai duhu ce a bayanta. Yaya zan bar waɗannan siraran wurare fari ina shimfiɗa ruwa da babban burushi?

Nura:
Ni da tawada nake farawa. Layin yana riƙe min tsarin, sai in saki jiki da fentin.

Hajiya Rabi:
Ni kuma akasin haka, kuma a zanen hunturu ina da hujja. Idan kika fara da tawada, hannu yana son ya kewaye komai, har tudun dusar sai ki ga kin ja masa baƙin layi. Dusa kuwa ba ta da baƙin gefe. Da an kewaye ta ta zama dutse ko buhu. Idan fenti ya riga, sai ki ga inda duhun sama ya riga ya yanke siffar, ba ya buƙatar layi, ki kai tawadar inda ake nemanta kawai: ƙasan reshe, ɓangaren kututturen da ba ya fuskantar rana, tsagar katako. Saman reshe ki bar shi babu layi, ko ki ja shi a tsittsinke. Fensir mai haske ya isa ya riƙe miki tsari tun farko.

Akwai kuma abin da ba za ki samu ba sai ta wannan hanya. Malalar da ta ɓata miki rai a zanen farko, ita ake nema a bishiyoyin nesa. Sama tana da sauran danshi, ki tsarma tawada da ruwa ta zama toka, ki taɓa ta da bakin burushi can a ƙarshen fili. Za ta buɗe da kanta ta yi kamar daji a cikin hazo. Abin da ke nesa haske yake yi, ya yi shuɗi-shuɗi, gefensa ya ɓace. Baƙi wuluk na bishiyar gaba ne kaɗai. A hotonki bishiyoyi huɗun baƙinsu ɗaya, shi ya sa suka tsaya a sahu ɗaya kamar babu tazara a tsakaninsu.

Malam Bala:
Ina bayan Hajiya a wannan. Batun siraran wurare, hanya uku ce. Akwai ruwan roba da ake shafawa a rufe wurin, ya bushe, a yi fenti a kai, a murje shi da yatsa daga baya. Yana aiki, amma yana kashe burushi, don haka ki sa tsohon burushi ki shafa masa sabulu tukuna, ko ki yi amfani da tsinke. Kada ki cire shi sai takardar ta bushe ƙarau, kada ki busar da shi da iska mai zafi, kada kuma ki bar shi makonni, sai ya kama takardar ya yage ta. Akwai farin kyandir, ki goga shi a wurin, fenti ba zai zauna ba, sai dai shi ba ya fita har abada. Akwai reza bayan komai ya bushe, ki kankare ɗigo-ɗigo. Wannan sai takarda mai kauri.

Tudu da kwarin kuma, ki jiƙa takardar cikin ruwa na 'yan mintuna, ki shimfiɗa ta a katako, ki manne gefunanta huɗu da tef ɗin takarda mai danƙo, ki bar ta ta bushe a kwance. Za ta ɗaure kamar fatar ganga. Kada ki daɗe da ita a ruwan, danƙon da Hajiya ta ambata zai wanke. In kin sami ta auduga zalla ta fi, tana riƙe danshi daidai ko'ina, ta ba ki lokaci. Ki zaɓi mai matsakaicin kaushi: mai kaushi sosai tana kama bakin alƙalami ta fantsama tawada, mai santsi kuma ba ta ba altramarin wurin kwanciya.

Nura:
Hanya ta huɗu kuma, Malam, guwash da burushin goge haƙori.

Malam Bala:
Ta huɗu ce, na karɓa. A ƙarshe, kaɗan, kuma a rufe filin da wata takarda kafin a fesa.

Hadiza:
Assalamu alaikum, na dawo bayan kwana biyar. Ga na biyu. Na ɗaure takardar gram 300 a katako, ba ta motsa ba ko kaɗan. Fensir na fara da shi, na sa ruwan roba da tsinke a saman shingen da kan manyan rassa biyu. Saman na yi ta da altramarin da siyena, sau biyu, don na farko da ya bushe ya yi haske kamar yadda Malam ya ce. Na bar tsagar a dama na sa mata ɗan rawaya mai ruwa-ruwa. Bishiyoyin nesa na taɓa su da tsarmammiyar tawada sama tana da danshi, na ga yadda suka buɗe a gabana, sai da na ajiye burushin na tsaya kallo. Filin ban taɓa shi ba sai inuwoyi biyar da sawun ƙafa da ya bi gefen shingen. Washegari na shiga da alƙalami. Da na murje robar farin ya fito a kan duhun, nan ne na fahimci abin da Malam yake nufi. Nura, na fesa guwash ɗin ma, a kan bishiyar gaba kawai, kuma ina son sa.

Abin da bai gamsar da ni ba: farin da ke kan shingen ya yi kaifi da yawa, kamar an yanko takarda an manna.

Nura:
Masha Allah, Anti Hadiza! Dajin nesan nan ya yi. Kuma fesin bai yi yawa ba.

Hajiya Rabi:
Barka ƙanwata. Inuwa ta uku, wadda ta gangara cikin kwari ta sake hawa, ita ce ta ba filin jiki. Kaifin shingen halin ruwan roba ne, kullum haka yake bari. Ki ɗauki ƙaramin burushi mai ɗan tauri, ki jiƙa shi ki matse, ki goga gefen sama na farin a hankali a wurare biyu ko uku, ki danna da tishu. Ba duka ba, wani wurin ki bar shi da kaifinsa.

Malam Bala:
Madalla, Malama Hadiza. Ki ƙara da wannan: dusar da ke kan shingen ita ma tana da ɓangaren inuwa. Rana daga dama take, don haka ki ja siririn shuɗin nan na inuwa a ƙasanta ta hagu, inda ta haɗu da katakon, sai ta yi ƙumbo ta zauna a kansa. Reshen da ya ratsa gaban tsagar hasken kuma kin yi shi baƙi wuluk. Abu siriri idan haske mai ƙarfi yana bayansa, hasken yana cin gefensa. Wannan ya riga ya bushe, ki bar shi, amma a na gaba ki ja shi da ruwan ƙasa mai ɗumi, ki tsinka layin a daidai inda ya gitta ranar.

Hadiza:
To Malam, na gode. Yau da dare zan gyara shingen in ɗora muku. Na gaba kuma rafi nake so in gwada, wanda gefensa ya daskare tsakiyarsa na gudu. Hajiya, ruwan rafin da tawada zan yi duhunsa ko da fenti?

Hajiya Rabi:
Da fenti, altramarin da siyena masu kauri, ki ja su a kwance. Tawadar ki ajiye ta don tsagar ƙanƙarar bakin rafin da busasshiyar ciyawar da ta leƙo daga cikinta. Ki fara ɗora mana zanen fensir ɗin tukuna mu ga inda kika sa ranar.